Idan An Ci Mu, Laifin Alƙalin Wasa Ne?

 Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, yau kuma Malama ƙwallo ta koma? To uwargida ki yi haƙuri ki biyo ni, domin ko ba kya kallon ƙwallo, ƙwallo tana shigowa gidanki. Duk wadda ta taɓa kai wa maigida tuwo ya ture kwano don an ci ƙungiyarsa ta san abin da nake faɗi.

Akwai wani dare da har yau in aka taɓo shi a gidanmu sai musu ya tashi sabo. Ranar 26 ga watan Yuni na 2018 ne, Nijeriya ta kara da Ajantina a birnin Sen Pitasbag na ƙasar Rasha, a gasar cin kofin duniya. Kunnen doki kawai muke nema mu wuce zagaye na biyu. Messi ya fara zura mana ɗaya a minti na 14, Victor Moses ya farke da bugun fenariti a minti na 51. Saura kamar minti 10 a tashi aka kuro ƙwallo gaban ragar Ajantina, ɗan bayansu Marcos Rojo ya sa kai, ta zame ta doki hannunsa. Alƙalin wasan, mutumin Turkiyya, ya je ya duba hoton a gefen fili, ya dawo ya ce babu fenariti. A minti na 86 shi wannan Rojo ɗin ya zura ta biyu, muka tattaro kayanmu muka dawo gida.

Daren nan maigida da ƙannensa sun raba dare a zaure. Wannan ya ce an sayi alƙali, wancan ya ce ai dama ba a son baƙar fata, wani ya ce duk laifin Odion Ighalo ne da ya ɓarar da damar da ya samu. Washegari na shiga aji na tarar da yara 'yan shekara 10 zuwa 12 suna maimaita kalaman nan kalma da kalma, har da zagin. Na tambayi wanda ya fi kowa ɗaga murya, na ce, "Kai me doka ta ce game da taɓa ƙwallo da hannu?" Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ni ma a lokacin ban sani ba, shi ya sa na nemi sani.

Ga abin da na gano. Dokar wancan lokacin ta ce sai ɗan wasa ya taɓa ƙwallo da gangan ne yake zama laifi. Shi kuwa alƙali ya ga daga kan Rojo ta zamo, don haka ya ɗauka ba da niyya ba ne. Na'urar nan ta VAR kuma, wadda a shekarar ce aka fara amfani da ita a kofin duniya, ba ta yanke hukunci. A lokacin tana nuna wa alƙali hoto ne a kan abubuwa 4: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuskuren hukunta wani a madadin wani. Hukuncin ƙarshe na alƙalin da ke cikin fili ne. Mutum yana da damar ya ce bai gamsu ba, kyaftin ɗinmu Mikel Obi ma ya fito ya ce fenariti ce. Amma cewa "ya yi kuskure" daban, cewa "ya karɓi cin hanci" daban. Na farko ra'ayi ne, na biyu ƙazafi ne, tunda babu wanda ya gani a cikin masu faɗin.

Sai bayan kwanaki duniya ta ji wani labari. Ashe sa'o'i kaɗan kafin a take wasan aka sanar da Mikel cewa an sace mahaifinsa a kan hanya a jihar Enugu, ya danne abin a ransa ya buga wasan har ƙarshe. Ki duba fa, muna zaune a kan tabarma muna ƙididdige kuskuren 'yan wasa, ba mu san abin da kowannensu ya shiga fili da shi ba. Shi kuwa Ighalo, abin har ya kai ga yi wa iyalinsa barazana. Da shekara ta zagayo, a gasar kofin Afirka ta 2019 a Masar, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo, guda 5, kuma bakunan da suka tsine masa su ne suka koma yabonsa.

Ba mu ɗauki darasi ba. A watan Fabrairu na 2024, bayan Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, Alex Iwobi aka sa a gaba da zagi har ya goge hotunansa a Instagram. Sai da Ahmed Musa ya fito yana roƙon jama'a su daina. Masu zagin nan ai ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu a wani gida ya tashi, a gaban wata uwa.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Yaron da ya saba jin cewa duk ranar da aka ci mu alƙali ne, shi ne zai kawo miki sakamakon jarrabawa ya ce malami ne ba ya ƙaunarsa. In ya girma kasuwa ta karye masa ya ce sammu ne, in aure ya ƙi daɗi ya ce matar ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a falon gida ake koyon hawa tudun nan.

Shawarata ita ce, kada ki hana su musu, domin yana cikin daɗin kallon. Ki dai sa masa iyaka. In yaro ya ce an cuce mu, ki tambaye shi wace doka aka karya, ya bayyana miki. Ki ce ya faɗi abu ɗaya da abokan karawa suka fi mu, domin yabon wanda ya kada ka shi ma tarbiyya ne. Ki kafa doka cewa ana sukar wasan mutum a gidanki, ba a zagin uwarsa ko ƙabilarsa. In yana da waya, ki san abin da yake rubutawa a daren da aka sha kashi, don magana zarar bunu ce.

Shi kuma maigida, kada ki tare shi yana cikin zafi. Ki bari gari ya waye ya karya, sannan ki ce, "Abban yara, jiya fa kunnuwan yaran nan suna wajenka." Nawa da na faɗa masa haka dariya ya yi, ya ce shi dai har gobe fenariti ce. Na ce na yarda, amma a bar zancen cin hanci. Ya bari kuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. A gaida yara.