Waiwaye Adon Tafiya: Malam Abdullahin Gwandu, Mai Takobi da Alƙalami

A wannan wata filinmu zai waiwayi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, mutumin da ya haɗa yaƙi da ilmin shari'a da mulki.

An haife shi wajen 1766. Da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Malam Abdullahi ne wazirinsa, kuma shi ya ja rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, inda aka karya mayaƙan Yunfa, Sarkin Gobir, a watan Yuni na shekarar.

To, amma da nasara ta samu, sai ya ga waɗansu sun mai da hankali ga ganima da dawakai da neman sarauta. Abin ya dame shi ƙwarai. Wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, wato hanyar da kakanninmu suka biyo daga baya har suka ya da zango a Mai Wurno da nan Gadarif. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya koma gida.

A littafin ya bayyana yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri da na alƙali, da iyakar da kowannensu ba zai ƙetare ba. A wurinsa, cin yaƙi bai ba kowa ikon hawa bisa doka ba.

A 1812 Shehu ya danƙa masa yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello aka naɗa. An ɗan sami tsamin dangantaka, amma bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, sai ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Kabarinsa na Gwandu.

Ina darasinmu? Rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ya ci rayukan Hausawa da yawa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya nuna wa kowa ɓarnar bindigar da ba doka a kanta. Bindiga ba ta tabbatar wa manomi gonarsa ta dawa ko riɗi, ba ta sama wa yaro takardar jinsiyya. Wannan aikin mai sanin doka ne. Don haka iyaye, cikin 'ya'yanmu masu ƙoƙari a makaranta, maza da mata, a tura waɗansu karatun lauya da alƙalanci, mu sami masu tsaya mana a kotu da majalisa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya zaunar da Sudan lafiya. Sai wata mai zuwa.