A duba RAM kafin a duba kyan kwamfuta

Duk matashin da ya zo neman shawarata kan sayen kwamfutar tafi-da-gidanka don rubuta manhaja, tambayarsa ta farko ita ce: i7 ko i5? Ni kuwa ba nan hankalina yake ba. Mai aikin rumbun bayanai RAM yake buƙata. Ka kunna PostgreSQL, ka tayar da Docker, ga VS Code a buɗe, ga Chrome cike da shafuka. Mai 8GB sai ta fara nishi, fanka na ta ƙugi, gindinta ya ɗau zafi, kai kuma ka zuba tagumi kana jira. A ganina 16GB ne mafi ƙaranci, in da hali a kai 32GB.

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shago ya buɗe maka bayan kwamfutar ka gani da idonka. Yawancin sirara na zamani an manne RAM ɗinsu, ba a ƙarawa. Haka MacBook take tun kafin fitowar M1 a 2020. Abin da ka saya, da shi za ka zauna. ThinkPad T480 kuwa, ko ta hannu ce, gurbin RAM biyu gare ta, SSD ɗinta ma ana sauyawa. Ita nake nuna wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi.

Sai a kula da tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin Intel da suka gaza zubi na takwas. Batiri ma a gwada shi tun a shago, a zare caja a ga iya daɗewarsa, domin a garuruwanmu ana ɗauke wuta kana tsakiyar loda bayanai.