Hatsarin Bagwai da Ranar Shari'a

Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. In irin wannan ta auku, wasunmu kan ce hukuncin Allah ne. Amma a Luka 13 Yesu ya nuna mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne ba su fi kowa zunubi ba. Lodi ne ya yi yawa, laifin na mutum ne. Shari'ar Allah tana bayan mutuwa, addu'ar masu rai ba ta sauya ta. Mu tuba tun muna numfashi, mu kuma tsawata wa masu cika jirgi don kuɗi.