Masu Sharhi Sun Yaba, 'Yan Kallo Sun Ƙaurace: Wa Ke Da Gaskiya?

A cikin watan Disamba na shekarar 2007 ne aka fara nuna wani fim na ban dariya mai suna Walk Hard a gidajen sinima na ƙasar Amurka. Jake Kasdan ne ya ba da umarni, John C. Reilly kuma ya fito a matsayin wani ƙagaggen mawaƙi, Dewey Cox. Manufar fim ɗin ita ce yi wa finafinan tarihin mawaƙa ba'a. Akasarin masu sharhi a jaridu sun yaba masa, har aka sa Reilly cikin masu neman lambar Golden Globe. Amma jama'a sun ƙaurace wa kallonsa: an kashe masa kimanin dala miliyan 35, abin da ya dawo daga sinima kuwa bai wuce miliyan 20 da 'yan kai ba.

A ganinmu masu sharhi ne ke da gaskiya, kuma ga dalili.

Duk wanda ya kalli Ray na 2004 da Walk the Line na 2005 zai lura cewa tela guda ya ɗinka rigunan biyu. A na farko, Ray Charles yana yaro ƙaninsa ya nutse a bahon wanki a gabansa, daga nan sai makanta, sai ɗaukaka, sai shan ƙwaya, sai tuba. A na biyu, yayan Johnny Cash ya rasu a haɗarin injin yankan katako, uban ya ɗora wa Johnny laifi, sannan ɗaukaka da ƙwaya da tuba suka biyo baya. Waɗannan masifu sun auku da gaske. Abin zargi shi ne yadda aka mayar da su ma'auni guda da ake auna rayuwar kowane mawaƙi.

Wannan ma'auni Walk Hard ya tona. Dewey ya datse ɗan'uwansa gida biyu da adda bisa kuskure, baƙin ciki ya sa hancinsa ya daina jin ƙamshi ko wari, ubansa kuma kullum yana nanata masa cewa shi ya kamata ya mutu. Reilly, wanda ya haura shekara 40, shi ya fito a matsayin yaro ɗan shekara 14. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Mai yiwuwa abin da ya kori 'yan kallo ke nan, domin wanda ya zubar da hawaye a kan labari ba ya son a nuna masa igiyar da aka ja shi da ita.

Abin mamaki, a 2018 al'amarin ya juye. Bohemian Rhapsody, tarihin Freddie Mercury, ya bi wancan tsohon tafarki sau da ƙafa. Masu sharhi da dama suka soke shi, wasu ma suna ambaton Walk Hard, amma ya tara fiye da dala miliyan 900 da lambobin Oscar huɗu. Fim ɗin ya nuna Mercury yana shaida wa abokan waƙarsa cewa ya kamu da cutar ƙanjamau kafin taron Live Aid na 1985, alhali kuwa makusantansa sun ce sai a 1987 aka tabbatar masa da cutar.

Nan ne batun ya wuce wasa. Matasa da yawa daga majigi suke ɗaukar tarihi, ba daga littafi ba, kuma abin da ido ya gani yana da wuyar kankarewa. Idan aka sauya shekarun mutum don labari ya yi armashi, an zalunci mamaci, an kuma yaudari mai kallo.

Yawan kuɗin ƙofa ba ya zama shaidar gaskiya. Ya kamata ɗalibanmu musamman, in sun kalli tarihin wani a fim, su riƙa tambaya: me aka ƙara, me aka rage, kuma don amfanin wa?