Sakaya Suna Kaɗai Bai Isa Ba

Yawancin kafafen labarai a Kano sun daina ambaton sunan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, kuma mun yaba da hakan. Sai dai rahoton da ya sakaya suna, sannan ya faɗi ƙauyensu, da shekarunta, da sana'ar mahaifinta, da islamiyyar da take zuwa, bai rufa mata asiri ba.

A birnin Kano "wata 'yar shekara 13" tana iya sajewa cikin jama'a. A ƙaramar hukuma irin Rimin Gado kuwa, inda gona ke jikin gona kuma auratayya ta haɗa ƙauye da ƙauye, kafin a kammala labaran rana an gane ta a teburin mai shayi. Muryar uwa tana kuka a rediyo ta isa shaida. Haka hoton wanda ake zargi, in kawunta ne ko maƙwabcinsu.

Abin da ke biyo baya sananne ne: manemi ya janye, a cire ta daga makaranta. Iyayen da suka ga haka, ranar da abin ya faɗa gidansu sai su ce "a bar wa Allah", a sasanta a zauren mai unguwa, mai laifi ya ci bulus. Yarinyar ma ba za a kai ta Cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke Asibitin Murtala ba, alhali maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake amfani.

Mun ga irin wannan a 2014, lokacin da aka tuhumi wata 'yar shekara 14 daga yankin Gaya, wadda aka ce auren dole aka yi mata, da sa wa mijinta guba. Sunanta da fuskarta suka zagaye duniya. Gwamnati ta janye tuhumar a 2015, amma hotunan suna nan a intanet.

Ƙa'ida kuwa ba sabuwa ba ce. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar da ta shafi lalata, ya kuma hana hira da shi. Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023.

Don haka muna kira ga editoci su tsaya a sunan ƙaramar hukuma, su sauya muryar dangi, su nemi yardar wadda abin ya shafa, in babbar mace ce, bayan sun bayyana mata inda labarin zai kai, har da Facebook da TikTok. Ƙwazon wakili ya koma kan 'yan sanda da kotu: ina aka kwana a shari'ar, wa ya nemi a kashe maganar? Waɗannan su ya kamata jama'a su sani da suna.