Biyan kuɗin gyaran mota tun ba ta lalace ba: riba ce ko cinikin biri a sama?

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwanmu 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu saye da sayarwa a kasuwannin Arewa, yau maganarmu a kan mota ce. Duk wanda ya tsaya bakin kwalta a Dogon Dutsi, ko ya bi ta Kore Mairuwa ya nufi Tibiri, ya san manyan motocin da ke shan gazuwal sun yawaita a hannun mutanenmu. Ga Hilux, ga Prado, ga Land Cruiser wadda ake ce wa V8, ga kuma Marsandi. Wani ya saye ta don jigilar kaya, wani don doguwar tafiya, wani kuwa don a san Allah ya buɗa masa. Ba mu ga laifin kowa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ake yi mana: idan mai gareji ko kamfanin da ya sayar maka da mota ya ce ka biya kuɗin kula da ita na shekara biyu ko uku gaba ɗaya, a yi maka ragi, ka yarda ko ka ƙi?

Wannan tsari ya daɗe a Turai da Amurka. Ranar da mutum ya sayi sabuwar mota ake nuna masa takarda, a ce ya biya dunƙule ɗaya, duk lokacin da kilomita ta cika ya kawo a sauya baƙin mai da matatai, a duba birki, ba sai ya sake sa hannu aljihu ba. A wurinmu ma akwai mai kama da shi, ko da ba a rubuce ba. Alhaji yakan damƙa wa makanikinsa kuɗi mai kauri ya ce: "Riƙe wannan, duk abin da ta buƙata ka yi mata." To, ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ga yawancin masu mota a Arewa wannan ciniki ba ya biyan kansa. Ga dalilanmu.

Na farko, a dubi abin da takardar ta ƙunsa. Irin wannan yarjejeniya galibi tana ɗaukar abubuwan da kowa ya san lokacinsu kuma ya san kuɗinsu: baƙin mai, matatar mai, matatar gazuwal, matatar iska, da ladan aiki. Waɗannan ba su taɓa karya ɗan kasuwa ba. Abin da ke karya shi su ne injakta, da famfon gazuwal, da turbo, da akwatin giya. Injin zamani yana tura gazuwal ta ƙofofin da suka yi ƙanƙanta kamar silin gashi, da matsi mai tsanani, don haka ɗan ruwa ko ɗan rairayi a cikin mai ya isa ya lalata su. Ranar da hakan ta faru, mai gareji zai buɗe takarda ya nuna maka cewa ɓarnar mugun mai ba ta cikin lissafi. Ka ga ke nan ka biya kuɗin ciwon kai tun da wuri, amma ranar babbar jinya kai kaɗai ne.

Kuma maganar mai ba ƙarama ba ce. Tun 2009 dokar Turai ta rage sinadarin farar wuta a cikin gazuwal zuwa kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan mai ake ƙera motocin da ake sayarwa can, da matatar hayaƙi a bututunsu, wasu ma har da tankin wani ruwa mai suna AdBlue. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna gazuwal a gidajen mai na ƙasashen Afirka 8, har da Benin da Mali, ta iske wani ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau 378. Mu da muke kan iyaka da jihar Kebbi mun san cewa, ban da man matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, akwai man jarka da na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, wanda ba wanda zai rantse maka inda ya kwana. Motar da aka shigo da ita daga Turai bayan ta sha aiki, ta zo tana shan irin wannan mai, babu takardar da za ta kare ta.

Na biyu, nisa. Wakilin Toyota a ƙasarmu, wato CFAO, a Yamai yake. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ta Doso kilomita wajen 275 ne, zuwa da komowa 550. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 55. A kan farashin da gwamnati ta sa a watan Yulin 2024, wato sefa 618 lita guda, kuɗin mai kaɗai ya kusa jikka 34. Ba a sa abincin direba ba, ba a sa kwana ba, ba a sa ranar kasuwar da ta wuce ka ba. Idan garejin da ka biya yana Yamai, kai kuma harkarka tsakanin Matankari da Dankasari da Geceme take, to ragin da aka yi maka ya ƙare a kan hanya tun kafin a kwance maka ƙusa ɗaya.

Na uku, ƙura. Masu ƙera mota da kansu sun rubuta a littafin mota cewa wadda ke aiki a hanyar ƙura da rairayi, ko take ɗaukar kaya mai nauyi, sai an gajarta mata tazarar sauya mai, sau da yawa zuwa rabi. Wato inda mai birni zai jira kilomita 10,000, mai bin kasuwannin ƙauye a jar ƙasa da rairayin Dallol Mawri, ga hazon hunturu, bai kamata ya wuce 5,000 ba. Mu ɗauki motar da ke zuwa Yamai sau ɗaya kowane mako. A shekara za ta ci kilomita 28,600. Idan takardarka an lissafa ta a kan 10,000, sauyi uku za a yi maka, alhali motar da ke haɗawa da hanyoyin ƙauye tana son kusan shida. Sauran ukun daga aljihunka za su fito, ko kuwa ka ƙyale, injin ya biya.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi damun mu, jari. Kuɗin ɗan kasuwa ba ya kwana. Mu ɗauka misali an ce ka ajiye jikka 600 na shekara uku. Wannan kuɗi da ka sa shi a wake lokacin kaka, ko a dankalin turawan da lambunan Dogon Dutsi suka yi suna da shi, ko a ragunan layya, sau nawa zai juya kafin shekara uku? Mai gareji ya san haka, shi ya sa yake son kuɗin ya kwana wurinsa. A gaskiya bashi ka ba shi babu jingina, shi ke juya kuɗinka, kai kuma kana riƙe da takarda. Ka sayar da motar bayan shekara ɗaya, ko ta yi hatsari, ko an sace ta, Allah ya kiyaye, wa zai mayar maka da saura?

Mun san wani ɗan uwanmu mai sayar da hatsi da ya ba makanikinsa kuɗin shekara guda, babu rubutu, babu shaida, don sun daɗe tare. Da labarin zinariyar Jado ya ɓarke a 2014, makanikin ya rufe gareji ya bi ayari. Ba mu ce ɓarawo ne ba, wataƙila ma da niyyar ya dawo ya biya ya tafi. Amma motar ta yi wata biyu a kan duwatsu, kuma matan da suka saba loda buhunansu a bayanta ranar kasuwa su ne suka fara ji a jikinsu, don sai da suka koma biyan wata mota da tsada.

Ba za mu ɓoye cewa tsarin yana da nasa amfani ba. Kayan gyara daga waje suke zuwa, kuma farashinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manyanmu suna tuna watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Mu kanmu mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Wanda yake da takarda mai tsayayyen farashi a irin waɗannan lokuta ya ci riba, in dai garejin ya cika alkawari. Haka kuma mai sabuwar mota fil, wadda garantinta bai ƙare ba, dole ne ya riƙa kai ta inda aka yarda da shi, in ba haka ba garantin ya faɗi. Sannan akwai halinmu da muka sani: mota tana tafiya, ba ma tuna ta, sai ta tsaya. Wanda ya riga ya biya yakan kai ta a kan lokaci don kada kuɗinsa ya tafi a banza, rigakafi kuwa ya fi magani.

Saboda haka muna ganin mutum ɗaya ne wannan ciniki ya dace da shi: mai sabuwar mota daga kamfani, wanda dama harkarsa tana kai shi Yamai a kai a kai. Shi ma kada ya sa hannu sai ya sami amsar tambayoyi biyar a rubuce. Me da me aka ɗauka, da sunansu ɗaya bayan ɗaya? A kilomita nawa ake sauyi, kuma sau nawa gaba ɗaya? Farashin ya tsaya ko za a ce kaya sun tashi a ƙaro? In an sayar da motar, takardar tana bin sabon mai ita ko ana mayar da saura? Sannan nawa aikin zai kama in ana biya ɗaya bayan ɗaya? Wannan ta ƙarshe ita ce ma'auni, don sai ka haɗa lissafin biyu gefe da gefe za ka san ko ragin na gaske ne. Wanda bai iya Faransanci ba ya tafi da ɗansa ko wani amintacce ya karanta masa, kada kunya ta sa ya dangwala hannu a kan abin da bai ji ba.

Sauranmu fa, masu motocin da suka riga suka sha duniya? Shawararmu ita ce mu biya tun da wuri, amma mu biya kanmu. A nan iyayenmu mata sun riga mu gano hanya. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu har wasu ƙasashe, ba komai ba ne illa zubi kaɗan kaɗan a asusu mai tsari, kuɗin kuma yana hannun masu shi. A yi wa mota irin wannan asusu. Duk tafiyar da ta yi ta kawo kuɗi, a cire mata rabonta kafin a taɓa riba, a rubuta a littafi tare da kilomita. Ranar sauya mai ka sayi baƙin mai da matatai da kanka a wurin wanda ka yarda da shi, a buɗe galan a gabanka, a biya makaniki ladansa bayan ya gama. A sha mai a gidan mai, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar gazuwal, a riƙa duba matatar iska lokacin hazo. Abin da ya taru a asusun shi zai tsaya maka ranar da injakta ta ce ga garinku nan.

Ku kuma iyayenmu mata, wannan magana ta shafe ku ko da ba ku da mota. In ƙungiyarku ta haɗa kuɗi za ta sayi motar kai kaya kasuwa, ku nemi mai sauƙin inji wadda makanikan garinku suka sani kuma ake samun kayanta kusa, ku bar mai yawan kwamfuta wadda sai an ɗora ta a wata mota an kai Yamai. In kuma maigida ko ɗa ya zo rancen jarinku don ya biya gyaran da ba a yi ba tukuna, ku tambaye shi cikin ladabi ya nuna muku takarda da lissafi. Wanda ya sayi babbar mota ya san za ta ci, amma bai kamata ta ci jarin gida tun ba ta ji yunwa ba.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.