Gyaran kwari daga tudu yake farawa

Kowace gwamnati ta zo Nijar, alkawalin rijiyoyi take yi, amma ba mai tambayar inda ruwan zai fito. To, daga tudu yake fitowa. In aka sare gawo da bagaruwa da sabara, aka tuge gamba, ruwan sama ba ya tsayawa ya nutse. Sai ya kwashe ƙasa, ya cike fadama da rairayi.

Mutanen Keita, cikin jihar Tawa, sun nuna hanya. Daga 1984, da tallafin Italiya, talakawa, galibinsu mata, suka jera duwatsu bisa tsaunukan Adar, suka dasa miliyoyin itatuwa, har faƙo ya koma gona.

Samun ruwa daban, lafiyarsa daban. A Tibirin Gobir, rijiyar burtsatsen da aka buɗe a 1985 ta naƙasa ɗaruruwan yara saboda yawan sinadarin fuliyor, aka yi shekaru ana shan ruwanta.

Don haka muna kira ga mahukunta: a auna ruwan kowace rijiya, a karanta sakamakon da Hausa a dandalin gari, a koya wa ƴan lakkwal ma'anarsa. A kuma damƙa wa ƙauyuka tsaron itatuwansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.